Farin Tabo a Kafaɗar Mai Hula

Jikata ce ta fara nuna mini cewa littattafan likitoci ba su san launin jikina ba. Tana dab da gama karatun likita a nan Gombe, ta zo gidana na Bagadaza wata Asabar da wani littafi da ya kai dutsen niƙa nauyi, ta aje shi a kan tabarmata ta ce in buɗe duk inda na ga dama. Na buɗe. Hotunan cututtukan fata ne, shafi bayan shafi: gadon baya, cinya, wuya, tsakanin yatsu. Duk jikin Turawa ne. A ƙarƙashin kusan kowane hoto an rubuta cewa wurin yakan yi ja.

Sai ta kama hannuna, inda cinnaka ya cije ni da safe, wurin ya kumbura yana mini ƙaiƙayi.

"Angona, nuna mini jan a nan."

"Ke da kika ƙi tarewa, me ya kai ki duba jikin miji?"

Ta yi dariya, amma ba ta saki hannun ba. Babu ja. Wurin ya ɗan ƙara duhu, ya ɗan yi sheƙi, shi ke nan. Ta ce abin da take son yin nazari a kai ke nan kafin ta gama: ta tara hotunan cututtukan fata yadda suke fitowa a jikinmu, don ɗaliban da za su biyo bayanta su daina neman jan da ba za su taɓa gani ba.

Maganar ba baƙuwata ba ce. Na yi yawo a ƙuruciyata. Na bi hanyar ƙasa zuwa Makka ta Cadi da Sudan, na daɗe ina yi wa alhazai tafinta, daga baya fatauci ya kai ni Kumasi da Duwala, har na taɓa kwanciya a wani asibiti a Faransa. A can wani likita mai kirki ya tambaye ni ko ƙafata ta yi ja kafin ta kumbura. Na ce masa tun da uwata ta haife ni ban taɓa yin ja ba. Ya yi dariya, ya matso da fitila, ya duba, ya sake dubawa, na ga a fuskarsa bai ga komai ba. A Sudan kuwa mutum mai irin launina kore suke ce masa, wanda ya fi ni duhu su ce shuɗi. Na daɗe da sanin cewa kowace ƙasa da idon da take kallon fata. Abin da ban sani ba shi ne har yanzu da idon aro ake koya wa jikokinmu duba mu.

Tafinta take nema. A wancan lokacin mutanen Borno sun cika gefen gari, musamman unguwar Gabukka, waɗanda rikici ya koro. Cunkoso da ƙarancin ruwa sun sa ƙazuwa da makero da kirci sun yi yawa a cikinsu, da yawa daga matansu da tsofaffinsu kuma ba sa jin Hausa sosai. Ni ina jin Barbarci tun zamanin hanyar Makka. Malamarta ta ba ta izini da sharuɗɗa: kada ta ɗauki fuska, kada ta ɗauki kowa sai an yi masa bayani da harshensa ya yarda, duk wanda ta ga yana buƙatar magani kuma ta turo shi asibiti.

Haka muka riƙa zuwa. Na koyi aikin ta hanyar riƙe zane. Ta gano cewa in aka tsayar da baƙin mutum jikin farin bango, kyamara kan mayar da shi gawayi, ƙurji da lafiyayyar fata su zama abu ɗaya. In kuma aka kunna hasken kyamarar, sai fatar ta yi ƙyalli kamar tukunyar da aka shafa wa mai. Don haka sai da hantsi, a inuwar bakin ƙofa, ni ina riƙe da wani tsohon shuɗin zanen kakarta a bayan mutum. Na tsufa ina tafinta tsakanin Larabawa da Fulani, ga ni a ƙarshe na zama bango.

Zuwa Gabukka a lokacin sai an bi ta shinge. Bayan bama-baman da suka tashi a tashoshin mota, an girke masu tsaro a manyan hanyoyi. A sauka daga abin hawa, a ɗaga hannu, a buɗe jaka, wani lokaci a miƙa waya. Namiji mai jin ƙarfi, in harshensa ya nuna daga gabas ya fito, akan ce ya tuɓe riga. Kafaɗa suke dubawa. An ce wanda ya daɗe yana rataya bindiga a daji, igiyar kan bar masa shaida a wurin. Na ga shingaye a ƙasashe da dama. A wasu takarda ake tambaya, a wasu abin goro. Ban taɓa ganin inda ake karanta fatar mutum don a yanke masa hukunci ba sai a garina, a tsufana. Ba na kuma cewa masu tsaron mugaye ne. Su ma ana kashe su, tsoro ne ya koya musu wannan karatun.

Matar wani mai ɗinkin hula ce ta fara zuwa wurinmu. Ta nuna wa jikata ƙazuwar da ke tsakanin yatsunta, aka ɗauka, aka gaya mata inda za ta karɓi magani, amma ba ta tafi ba. Ta jira mata suka ragu, sannan ta ce mini da Barbarci, murya ƙasa-ƙasa, mijinta ɗinkin hula yake yi, da shi suke ci da shi suke biyan ɗaki, kuma kwanan nan allura kan soke shi bai sani ba sai ya ga jini a ƙyalle. Ranar nan ya ɗauki butar shayi daga kan gawayi da hannu, sai ita ce ta ji ƙaurin fata.

Na fassara. Jikata ta daina naɗe zanen.

Mun same shi a ƙofar wani ɗaki mai kama da shago, zaune a kan buhu, hula a gwiwarsa. Mutum ne da bai wuce tsakiyar shekaru ba, dogo, da tsagen Barebari a kumatu. Ya ga kyamara a wuyan yarinya, fuskarsa ta rufe. Na san in na fara da maganar ciwo mun tashi a banza, sai na shiga ta ƙofar da kakanni suka bar mana. Ni Bafillace ne, tsakaninmu da Barebari kuwa akwai wasa. Na ce masa ubangidansa ya zo, ya tashi ya ba ni wurin zama.

"Yaushe Fulata ya mallaki bawa?" in ji shi, bai ko ɗago ba. "Ku da kuka zo ƙasarmu da sanda da ƙwarya kuna roƙon ciyawa."

"To yau wa ke zaune a ƙasar wani?"

Da maganar ta fita na ji nauyinta. Amma ya ɗago ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce wannan karon na ci, ya tura mini buhun.

Ya nuna mana hulunan. Aikinsa mai kyau ne, ɗinki a matse, irin wanda ake saye a ajiye don sallah. Sai dai duk inda jini ya ɗiga, yakan rufe wurin da ɗan zanen jan zare, har dillalin da ke karɓa a kasuwa ya fara cewa hulunansa sun cika ja, manya ba sa so.

Hannu ya yarda a duba. Jikata ta sa ya rufe ido, ta riƙa taɓa shi da bakin auduga, ni ina gaya masa ya nuna duk inda ya ji. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi, a hannun dama, bai ji komai ba. Ta lalubi bayan gwiwar hannunsa, ta daɗe tana murza wata jijiya. Sannan ta tambaya ko akwai wani wuri a jikinsa da launi ya sauya. Ya ce babu. Matarsa daga cikin ɗaki ta ce akwai.

Ba a ranar ya tuɓe rigar ba. Sai da muka koma, muka sha shayi, na zagi kakanninsa ya zagi shanuna, sannan ya ja mu ciki ya saki labule. A kafaɗarsa ta dama, daga saman wuya ya gangaro zuwa ƙirji, akwai wani faffaɗan wuri baƙi ƙirin, ya fi sauran jikinsa baƙi, gefensa ya yi ɓawo. Jikata ta ce ba ta gane ba. Ya ce ai ba launinsa ba ne, rini ne.

Ya ba mu labarin. Tabon fari-fari ne, kamar an goga toka, ya fito masa tun kafin su bar garinsu. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, ko gumi ba ya yi. A hanyarsu ta gudowa aka tuɓe shi a wani shinge, aka ga tabon daidai inda igiyar bindiga ke kwanciya, aka ware shi gefe tare da wasu. Ya wuni a rana a tsugune. Wani dattijon garinsu ne ya yi ta rantsuwa cewa ya san shi da allura tun yana saurayi, aka sake shi. Sauran da aka ware tare da su bai sake jin labarinsu ba. Tun daga nan yake sayen baƙin rinin da tsofaffi ke shafa wa gemu, matarsa ta shafa masa. Ya taɓa zuwa wani ƙaramin asibiti saboda ɓawon da rinin ya jawo, aka leƙa aka ce kirci ne, aka ba shi man shafawa.

Jikata ta sa audugar a tsakiyar tabon. Bai ji ba. Ta dube ni ta ce da Turanci, don kada ya gane, tana tsoron kuturta ce, amma ita ɗaliba ce, ba ta da ikon yanke hukunci. Ta ce in an kama ta a wannan mataki magani na tsayar da ita, kyauta ake bayarwa, yatsun da suka rage za su tsira. In aka bari, hannun zai tafi.

Na gaya masa, ban rage komai ba. Ya mayar da rigarsa. Sannan ya yi mana lissafin da ya riga ya yi shi kaɗai. Tsakaninsa da babban asibiti akwai shinge. In ya je da tabon a fili, igiyar bindiga ce. In ya je da rini aka lura, za a ce me yake ɓoyewa, wannan ya fi muni. Jikata ta ce za ta karɓo masa takarda daga malamarta da ke bayyana ciwon. Ya ce takardar da aka rubuta kuturta a ciki, in mai ɗaki ya ji zai kore su, dillali kuma ba zai sake taɓa hularsa ba. Wa zai sa hular kuturu a kansa ya je masallaci?

"'Yata," ya ce mata da Hausarsa mai nauyi, "ke ciwo ɗaya kike gani. Ni uku nake gani."

Ta kai wa malamarta maganar. Malamar ta ce ba a fitar da wannan magani sai wanda ya san aikin ya ga majinyaci da idonsa. Amma in ta kawo hoto mai kyau na tabon ba tare da rini ba, za ta nuna wa masu kula da kuturta, ta roƙi ɗayansu ya bi ta har gida cikin sirri. Jikata ta dawo da murna. Ta ce mini wannan hoton kuma shi ne wanda babu a littafinta. Akwai kuturtar da ta riga ta ci yatsu, wadda ko makaho ya shafa zai gane, akwai ta farko a jikin Bature, tana ja. Ta farko a baƙar fata, lokacin da ake iya ceton hannu, babu.

Ya yarda. Ya daina shafa rinin, ya daina fita ko masallaci, matarsa ce ke kai huluna kasuwa, aka ce wa maƙwabta zazzaɓi ne. Rinin gemu ba ya saurin sakin fata. Muka yi ta jira, muna leƙawa, baƙin yana koɗewa kaɗan-kaɗan, ɓawon yana warkewa. A tsakanin nan ya sake ƙonewa a tafin hannu.

Ranar da tabon ya fito sosai, muka tsayar da shi a inuwar ƙofa ta ciki, na ɗaga shuɗin zane. Na ga abin da idona: fari-fari mai ɗan ruwan tagulla, gefensa a ɗan tashe, babu gashi ko ɗaya a kai. Ta ɗauka ta nuna masa a bayan kyamarar. Bai taɓa ganin wurin sosai ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe abin da ya hana shi barci bai fi tafin hannun Fulata ba. Ya ɗauko wata hula ya kifa mini a kai, ya ce sadaka ce ga matsiyacin makiyayi.

A hanyar komawa aka tsayar da keken da muka hau. Ranar an tsananta, wani abu ya faru a wani gari da safe. Aka buɗe jakarta, aka ga kyamara, aka ce ta kunna. Mai tsaron ya riƙa wucewa da hotunan: yatsu, cinya, bayan wuya, sai kafaɗa. Ya tsaya a nan. Ya kira na gaba da shi.

Ta nuna katin makaranta, ta yi bayani da Turanci, na yi da Hausa. Babban nasu bai ɗaga murya ba. Ya ce ya yarda ɗaliba ce, ya yarda ni dattijo ne, amma shi ya san wannan shaidar, ya sha ganinta. Mu kai su wurin mai kafaɗar su yi masa 'yan tambayoyi, in ciwo ne a sake shi. Jikata ta ce ba ta da ikon nuna majinyaci. Ya ce to ta zaɓa, ko ta kai su, ko ta zauna ita da kyamarar har a zo daga ofis a bi hotunan ɗaya-ɗaya, a nemo masu su duka.

Na roƙe shi da shekaruna. Na ce in hoton ne matsala, a kashe shi a gabansa, kowa ya huta. Ya yi tunani, ya dubi layin motocin da ya taru, ya ce to ta share duka, ba wannan kaɗai ba.

Ta dube ni. Aikin watanni ne a ciki, kaɗan kawai ta riga ta kwafe a makaranta. Ta danna. Ya karɓa ya tabbatar babu komai, ya mayar mata, har ya ce Allah ya ba da sa'ar karatu.

Ba ta yi kuka ba sai da muka isa Bagadaza. Washegari ta je wa malamarta hannu wofi, ta ba ta labari. Malamar ta ce a bar maganar hoto, za ta nemo ɗaya daga masu kula da kuturta ya bi mu. Sai da aka ɗan ɗauki lokaci kafin a same shi, don su ma ba su da yawa, jiha guda suke zagayawa. Muka tafi mu uku, maganin wata guda a jakarsa.

Ɗakin a buɗe yake, an share. Mai keken da ya ɗauko mu ran nan ɗan unguwar ne, ya koma ya ba da labari, labarin kuma ya yi ƙiba a hanya. Kafin ya isa kunnen mai hula, an ce masu tsaro sun ƙwace hoton kafaɗarsa suna nemansa. Maƙwabta suka ce sun tashi, ba su faɗi inda za su ba. Wata tsohuwa ta ce ta ga matar ta sayo rini kafin su tafi.

Na neme shi. Na tambayi dillalan hula, na tambayi Barebarin da na sani a kasuwa. A lokacin ba a nuna wa baƙo inda ɗan Borno yake, ko da baƙon ya iya Barbarci, ko ma dai musamman in ya iya.

Jikata ta gama da 'yan hotunan da suka tsira, ƙazuwa da makero da ƙyasbi. An yaba mata, aka ajiye aikin a ɗakin karatu. Ta yi aiki nan kaɗan, sannan ta sami wuri a ƙasar Larabawa ta tafi, kamar yawancin 'yan ajinsu.

Bayan an janye yawancin shingayen na je jana'iza a Kagarawal. Ana watsewa na ji an ce da Barbarci, a bayana, wa ya bar shanu suka shigo maƙabarta. Shi ne. Ya rame, fatarsa ta yi wani irin duhu, hannayensa duka biyu suna cikin hannun riga. Na miƙa masa nawa. Ya dubi mutane, sannan ya fito da na daman. Yatsun sun lanƙwashe sun manne da tafi, biyu sun gajarce. Na riƙe shi. Ban sani ba ko ya ji.

Ya ce yana shan magani yanzu. Da hannun ya kai haka, ko mai gadin asibiti ya san sunan ciwon, ba a tuɓe masa riga ba aka rubuta shi. An ce cutar ta tsaya, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Matarsa ce ta koyi ɗinkin, ba ta kai shi ƙwarewa ba, kuma ta hannun wata maƙwabciya ake kaiwa kasuwa don kada a san gidan da hular ta fito. Shi yana zaune yana gaya mata launin da za ta sa.

"Ka san abin dariya, Fulata? Maganin nan baƙanta fata yake yi. Tabon ya fi ko'ina baƙi yanzu. Da tun farko shi na sha, da ban ɓata kuɗina a rini ba."

Na ce jikata ta sha tambayarsa. Ya ce in gaishe ta, in gaya mata bai riƙe ta da komai ba, ya ji daga baya cewa ba ta nuna shi ba. Ya ce a shingen da ya rage a hanyarsu ma ba a tsayar da shi yanzu. Ɗaga hannu kawai yake yi, su ga babu yatsan da zai ja kunamar bindiga, su ce wuce.

Na kira jikata a waya na ba ta labari. Na ce ko in sa a ɗauki hoton hannun a aika mata, tunda ya ce yanzu ba ya tsoro.

"A'a, Kaka. Irin wannan akwai a kowane littafi."

Babban littafin nan ta bar shi a gidana. Bara 'yar maƙwabcina ta shiga karatun likita, uwarta ta zo ta roƙa, na ba ta. Kafin in miƙa na buɗe shafin kuturta na duba. Bayan Bature ne, da tabo ja a kafaɗa. Yarinyar ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa ta yi godiya, ta ce za ta haddace shi duka.